Rabin Waƙar Kakata

Talata, 4 ga Yuni, ƙarfe goma na safe

Kaka Dulcie ta rasu jiya. Dulcie. Dulcie. Ga shi nan na rubuta, in ga wanda zai fito daga cikin takarda ya kama ni.

Tun a barandar asibiti aka fara. Ko gama rufe mata fuska ba a yi ba, Kawu Lionel ya ja ni gefe, hularsa a hannu, ya ce, "Tarnee, 'yata, daga yau Kumanjayi za ki riƙa cewa. An ajiye sunan nan." Na ce na sani. Yo na sani mana, a Alice Springs aka haife ni. In mutum ya mutu ba a kiran sunansa, sai a ce Kumanjayi, ba a kallon hotonsa, ba a jin muryarsa, sai shekaru sun ja an ce an buɗe. Amma sani daban, a ce ka yi wa matar da ta goye ka daban.

Abin dariyar ma, sunan ba nata ba ne. 'Yan mishan ne suka laƙa mata ranar da suka aske mata kai. Nata na gaskiya an baro shi a daji, ranar da motar gwamnati ta zo ta kwashe yaran da fatarsu ta yi haske. Tana 'yar shekara biyar. Ubanta Bature ne mai kiwon shanu, wanda ko juyowa bai yi ba. Yayarta, Kaka Maudie, uwar Kawu Lionel, baƙa ce wuluk, saboda haka ita ba a taɓa ta ba. Shekara sittin kafin su sake ganin juna.

Yanzu wanda aka laƙa matan ma an ce in haɗiye.

Ban yi kuka ba. Na wanke kofinta, na mayar, na sake ɗaukowa na wanke.

Laraba, 5 ga Yuni, da hantsi

Abu biyu ta roƙe ni, kuma duka a kan kujerar wankin ƙoda, allura a hannunta.

Na farko: "Ki mayar da ni Wirrilpa, inda aka ɗauke ni. Kada ki bari su cusa ni a maƙabartar garin nan, tsakanin wani ɗan sanda da wani limamin coci. Na zauna da su ya ishe ni."

Na biyu a kan waƙar ne. Bara na ɗauki muryarta a kicin ba ta sani ba, tana soya ƙwai tana rera 'yar waƙar nan da uwarta ke yi mata. Ita kaɗai ce abin da ta tafi da shi a yarenmu. A gidan mishan in aka ji yaro ya yi yare sai a wanke masa baki da sabulu, don haka ta riƙa yin ta a ciki, bakinta a rufe, har ta tsufa. Keelan, ɗan'uwana mai haɗa min kiɗa, ya ɗora ganga a ƙarƙashi, muryarta ta zama amshi, ni kuma na zuba baitocina a tsakani. Da na kunna mata sai ta ce, "Ke 'yar banza, ƙwan ma da ya ƙone sai da kika sa?" Ta yi dariya har da tari. Daga baya ta kama min hannu ta ce, "Sun rufe min baki sau ɗaya. Kada ki bari a sake."

Na ce mata to, duka biyun. Da sauƙi na faɗa kuwa, kamar an ce in miƙo gishiri.

Juma'a, 7 ga Yuni, da safe

Sanyi. Na aske gashina kamar yadda ake yi. Na yi kama da ita a hoton mishan.

Asabar, 8 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Na je zaman makoki. Mutanen Wirrilpa sun shigo gari, sun kafa zango a bayan gidan Goggo Noreen, ƙanwar Kawu Lionel, mata gefe maza gefe, kowa da farar ƙasa a goshi da ƙirji. Na bi layi ina miƙa hannu a hankali, ba magana, kai a ƙasa. Na yi komai daidai. Ina so a san da wannan: har zuwa inda Kaka Maudie take zaune, na yi komai daidai.

Na dawo a ƙafa. Ba wanda ya ce in tafi. Ba kuma wanda ya ce in zauna.

Lahadi, 9 ga Yuni, rana tsaka

Ban fita ba. Wayar tana cikin aljihun tebur, a kashe.

Litinin, 10 ga Yuni, ƙarfe tara na safe

To, bari in rubuta, tunda duk garin ya riga ya sani.

Wayata ce ta yi ƙara. Ina durƙushe gaban Kaka Maudie, hannuna cikin nata. Kuma ƙarar wayata tun bara muryar Kaka ce, amshin waƙar nan. Na manta. Wane ne yake binne kakarsa a zuci ya tuna da ƙarar waya?

Muryar ta tashi daga aljihuna, tar, kamar tana zaune a tsakiyarmu. Mata suka toshe kunnuwa. Wata tsohuwa ta faɗi ta kife tana dukan ƙasa. Yara suka watse, karnuka suka ɗauki haushi. Ni kuma ina ta laluben aljihu, wandon ya matse, ita ko tana ta rerawa abinta, har da ƙarar man suya. Kaka Maudie ta zare hannunta daga nawa, ta ja bargo ta rufe kanta. Da ma zagina ta yi.

Goggo Noreen ce ta yi maganar, ba da ƙarfi ba, amma yadda zan ji: "'Yan gari ke nan. A saka matacce a aljihu ana yawo da shi."

'Yan gari. Wa ya mai da mu 'yan gari, Goggo? Mu muka tsayar da motar muka ce a rage mana hanya?

Kuma wa ya kira? Bronwyn, Baturiyar da ke shirya bikin waƙa na ƙarshen wata. Ta kira ne ta yi min ta'aziyya.

Jiya da sassafe Kaka Maudie ta sa aka naɗe mata shimfiɗa, ta koma Wirrilpa. Ba ta faɗi ranar jana'iza ba, ba ta nuna wurin kabari ba. Ita kaɗai ce mai cewa a haƙa a nan, ƙasar uwarsu ce. Kaka kuma tana kwance a firjin asibiti da lamba a yatsan ƙafa. An taɓa ba ta lamba a mishan ma.

Laraba, 12 ga Yuni, da yamma

Bronwyn ta zo da furanni da miyar kabewa a roba. Ta rungume ni, 'yan kunnenta masu zanen ɗige-ɗige irin namu suna soka min wuya.

"Tarnee, na yi kuka a mota da na sake jin waƙar. Kuka sosai."

Kullum sai sun gaya maka inda suka yi kukan.

Ta ce tun rasuwar, waƙar sai yawo take a intanet, gidan rediyo a Melbourne ya sa ta. Ta ce suna so su mayar da ni ta ƙarshe a dandamali, a kashe fitilu, a haska hoton Kaka babba a bango, muryarta ta fito cikin duhu. "Ba wanda zai fita da busasshen ido."

Na ce, "A al'adarmu ba a yi."

"Haba, na sani, na sani ƙwarai, mun yi kwas a kai. Sai mu sa gargaɗi a farko, cewa akwai murya da hoton wadda ta rasu. Wanda ba zai iya ba sai ya fita."

Na ce, "Wato danginta su fita, ku ku zauna."

Ta yi ja har kunne. Ta ce ba haka take nufi ba. Na san ba haka take nufi ba, ba su taɓa nufin komai ba, haka kawai yake faruwa da mu.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, da ta ce hoto babba a bango, sai da na hango shi, kuma na so shi. Ina so dubu su ji ta. Ina so su zauna a kujerun da suka biya su ji tsohuwar da aka wanke wa baki da sabulu tana rerawa a kan ganga mai girgiza ƙirji.

Na zubar da miyar. Ba ta da gishiri ma.

Juma'a, 14 ga Yuni, ƙarfe sha ɗaya na safe

Kawu Lionel ya zo da tsohuwar motarsa da ake ɗaure ƙofarta da igiya. Bai shigo ba, ba zai shiga gidan ba sai an turara shi da hayaƙi. Muka zauna a bakin titi kan kwandunan madara. Ya kawo min wutsiyar kangaru gasasshiya a naɗe, ya ce in ci, na rame kamar karen tasha.

Ya daɗe yana zancen taya da tsadar mai kafin ya zo kan magana.

"Tsohuwa ba fushi take da ke ba."

"Na gani ai. Don murna ta rufe kai da bargo."

"Ki rage bakin nan, ba a kan dandamali kike ba." Ya juya hularsa. "Yara a Wirrilpa suna da abin nan a wayoyinsu. Jiya wani ya kunna a bakin shago, tsofaffi suka tashi suka bar sayayyarsu. Muddin muryar tana yawo, ita ma Kumanjayi tana yawo. Kiranta ake ta yi, ta ina za ta kwanta? Tsohuwa ta ce ba za ta nuna ƙasa ga wadda ba a bari ta tafi ba."

"Sai yaushe?"

"Ki sauke ta daga ko'ina. Kada ki sa ta a bikin nan. Shekara biyu, uku, in lokaci ya yi tsofaffi za su ce a buɗe."

"Kawu, da bakinta ta ce kada in bari a sake rufe mata baki."

"Da bakinta kuma ta ce a kai ta gida. Ina wurin."

"To wanne zan karya?"

Ya dubi titi. "Ita ba ta tashi a cikin dokar ba, 'yata. Ba laifinta ba ne. Ba ta san abin da take roƙo ba."

Nan na tashi tsaye. Na ce wato sun sace ta, sun hana ta koyo, yanzu kuma ku za ku ci ta tara don ba ta koya ba. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba. Ya bari na gama tas, sannan ya ce, "Ki ci naman tun da ɗuminsa." Ya ɗaure ƙofarsa ya tafi.

Na ci. Ina kuka ina ci, man yana bin haɓata. Kukan farko ke nan, kuma a kan wutsiyar kangaru.

Lahadi, 16 ga Yuni, da yamma

Sutudiyon Keelan, wato garejin uwarsa da katifu a jingine a bango.

Shi a tsaye yake ƙyam: kada a sauke. "'Yar'uwa, wannan ce waƙar da ta fi kowacce da muka taɓa yi. Ke kin san yara nawa ne suka rubuto mana daga gidajen riƙon yara na gwamnati? Yarinyar nan ta garin Katherine da aka raba da ƙannenta bara, cewa ta yi kullum da ita take barci. Ita ma ki ce mata ta jira shekara uku?"

Na ce, "Kakarka ce a firji?"

"Kakata ce ni ma, kada ki raina min hankali."

Ya kunna baitin tsakiya ba tare da amshin ba, don in ji da kunnena abin da zan jefar:

Kun ba da haƙuri, mun gani a talabijin,
mun tafa, mun yi kuka, an raba mana tuta.
Motar tana nan, fenti kawai kuka sake,
da can ɗan sanda ne, yau mace ce mai murmushi.
Kakata, uwata, saura wa a layin?

Na yi shekara goma ina wannan harka, ina ihu a makirufo cewa ba mai rufe mana baki. Yanzu ga ni zan rufe da hannuna, kuma ba Bature ne ya sa ni ba.

Keelan ya ce, "To ki rera amshin da kanki mana."

Na ce ya rufe min baki. Ya san sarai ba na yi. Ban iya yaren ba. Kalma biyar na sani, uku zagi ne. Sau ɗaya na gwada gaisuwa a Wirrilpa, yara suka yi ta birgima a ƙasa don dariya. Ita kanta Kaka ba ta taɓa rera waƙar nan a gabansu ba, duk zuwan da muka yi. Takan zauna kusa da yayarta, su riƙe hannu, wannan na Turanci, waccan na yare, Kawu a tsakiya yana fassara musu cewa shayi ya yi sanyi. Kunya take ji kada harshenta ya karkace a gaban 'yan'uwanta. A kicin kawai take yi, sai in ba kowa.

Uwata ba ta cikin wannan littafin. Layi ɗaya na ba ta a waƙar, shi ma da ƙyar.

Talata, 18 ga Yuni, ƙarfe takwas na safe

Asibiti sun kira. Cikin ladabi suke tambaya ko an tsayar da rana, wai suna da ƙarancin wuri. Sun ce akwai fili a maƙabartar gari in muna so, za a iya yi cikin makon nan.

Ƙarancin wuri. Nahiya guda suka karɓe.

Talata, da yamma

Na je maƙabartar na duba. Akwai ciyawa, akwai famfo. Kabarin da ke kusa da filin na wani sufeton 'yan sanda ne. Na yi dariya har mai ban ruwa ya juyo.

Laraba, 19 ga Yuni, da hantsi

Na sauke waƙar. Daga ko'ina. Ba wuya ashe, ka danna, a tambaye ka ko ka tabbata, ka ce e.

Ban tabbata ba.

Keelan ba ya ɗaukar wayata. Bronwyn ta ce ta fahimta ƙwarai, tana girmama hukuncina, sannan ta tambaya ko ina da wata waƙar mai irin wannan nauyin. Na ce bari in duba ko akwai wani da zai mutu kafin ƙarshen wata.

Na sauya ƙarar wayar zuwa irin ta kowa. Ainihin muryar tana cikin wata 'yar ma'ajiya ta kwamfuta, na naɗe a safar Kaka na ba Kawu Lionel ya riƙe. Ban yarda da kaina ba. Kafin in ba shi sai da na shiga banɗaki na sa a kunne na ji sau ɗaya, har inda ta tsaya ta ce, "Kash, ƙwan nan." Kullum a nan take tsayawa. Na ɗauka ƙwan ne.

Kaka, kin ce kada in bari. Ban bari ba, ni na yi.

Alhamis, 20 ga Yuni, da rana

Gidan shiru. Na soya ƙwai na ba kare.

Asabar, 22 ga Yuni, Wirrilpa, da dare

Kawu ya zo ya ce tsohuwa na kira. Muka yi ta tafiya a jar hanya mai gargada, haƙorana suna haɗuwa, bai kunna rediyo ba, ni ma ban ce ya kunna ba. Na shirya maganata tsaf. Na yi niyyar in ce mata, na rufe, kin ji daɗi? Sai a ba mu ramin.

Tana zaune a bayan gari ƙarƙashin inuwar rassa, da wuta, da gwangwanin shayi, da karnuka. Ta kori kowa sai Kawu, don fassara. Ta shafa kaina inda na aske, ta ce wani abu. Kawu ya ce, "Wai wanzaminki makaho ne."

Sannan ta yi magana mai tsawo, idonta a kan wuta, Kawu yana bi a hankali.

Ta ce ranar da motar ta zo, uwarsu ta shafa wa ƙanwar gawayi da kitse don ta yi baƙi, amma yarinya ta yi kuka, hawaye ya wanke kumatun. Uwar ta bi motar da gudu har ta faɗi. Da ta dawo sai ta fasa kanta da dutse, aka shafa farar ƙasa, aka tashi daga zangon, aka share sawun yarinyar da ganye. Makoki sosai aka yi mata, irin na matacce, don ba wanda mota ta taɓa ɗauka ya dawo. Aka ajiye sunanta. Aka ajiye waƙar da uwar ke yi mata, tunda tata ce. Ba a sake rerawa ba. Uwar ta mutu ba ta buɗe ba.

"Ina 'yar shekara takwas," in ji ta. "Na riƙe ta a ciki, na riƙe, wata rana na duba babu."

Na ce, "Amma da ta dawo fa? Me ya sa ba ki tambaye ta ba?"

"Na ɗauka sun wanke mata ita. Ban so in tambaye ta abin da ba ta da shi."

Shekara goma suna zama hannu cikin hannu, ɗaya na da ita tana jin kunya, ɗaya ta rasa tana jin tausayi. Ana fassara musu zancen shayi.

Ta ce ranar da wayata ta yi ƙara ta toshe kunne, amma farkon ya riga ya shiga. Tun ranar yake mata yawo a kai, ta kasa barci, ta kasa kamo abin da ke biye. Ta juyo ta dube ni, karo na farko. Ta yi maganar da ɗan guntun Turancinta da kanta, ba ta jira Kawu ba.

"Waccan ta wayar ba zan ji ba, jikata. Ta matacce ce. Ke kina da rai. Ki ba ni ita da bakinki."

Na ce ban iya ba. Na ce za ki yi dariya. Ta ce, "Zan yi mana. Yi."

Na ji amshin nan ya fi sau dubu, na yanka shi, na ja shi, na ɗora shi daidai kan ganga, amma ban taɓa buɗe baki na bi ba. Na fara. Muryata ta fito kamar ta kazar da aka taka. Ta yi dariyar kuwa, ta gyara min kalma ta biyu, ta sa na maimaita har sai da harshena ya naɗe inda take so. Muka sake. A layi na biyu bakinta ya fara motsi. A na uku tana tare da ni, har ta riga ni. Kawu ya juya mana baya, kafaɗunsa suna rawa.

Sai na kai inda Kaka take tsayawa, na tsaya.

Ta jira. Idonta a rufe, kanta yana ci gaba da kaɗawa.

"Ci gaba."

"Shi ke nan, Kaka."

"A'a. Akwai saura. Inda ake kwantar da yaron."

"Iyakar abin da take yi ke nan. Kullum."

Ta buɗe ido. Sannan ta ce, "To, iyakar abin da ta tafi da shi ke nan. Ƙarama ce. Kafin a kai ƙarshe ta yi barci."

Na ce wa ya san sauran. Ta fara lissafa mata da hannu, ba suna, tana nuna inda kowacce take kwance: can, can, can bayan dutse. Ta sauke hannun.

Kafin rana ta faɗi ta sa aka kama ta, ta taka da sandarta har gindin wani busasshen itace kusa da tsohuwar hanyar mota. Ta buga ƙasa. Ta ce, "Nan aka ɗora ta. Nan za a sauke ta."

Laraba, 26 ga Yuni, da yamma

An sauke ta.

Goggo Noreen ce ta shafa min farar ƙasa da hannunta. Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba ta ba. Keelan ya zo, shi ya fi kowa haƙa.

Ɗaya na cika, Kumanjayi. Ga shi na rubuta yadda suke so. Bai yi kama da ke ba, amma wancan ma ai bai yi ba.

Lahadi, 30 ga Yuni, da hantsi

Jiya aka yi bikin. Ba hoto, ba gargaɗi, tunda ba matacce a ciki. Na yi baitocina, da amshi ya zo na rera da bakina, da karkataccen harshena. Na ce wa Keelan in na kai inda ya yanke kada ya tsayar da gangar, ya bar ta ta yi ta tafiya ita kaɗai tsawon abin da ya ɓata. Ban san tsawonsa ba, na kintata ne.

Na tsaya da makirufo a hannu, bakina a rufe. Can baya, inda namu suke tsaye jikin shinge, ba wanda ya motsa.

Na gaba kuwa suka ɗauka an gama. Suka tashi tsaye suna tafi, suna fito, a daidai cikin ramin da na bari. Bronwyn ta ce ba ta taɓa ganin dabara mai ƙarfi irin wannan shirun ba, wai ta yaya na yi tunaninsa.

Na ce ba ni na yi ba, gwamnatinku ce ta rubuta wannan ɓangaren.

Laraba, 3 ga Yuli, ƙarfe bakwai na safe

Kullum da safe yanzu wayar Kawu Lionel ce ke tashe ni. Ba gaisuwa, sai in ji numfashin Kaka Maudie da kukan karnuka, ta ce, "Yi, jikata." In yi daga farko, tana bi, har mu kai wurin. Sai mu yi shiru tare, ni a kicin, ita a bakin wuta, ko sauran zai zo mata.

Yau ma bai zo ba. Ta ce za ta kira gobe.